Takardar ɗakin tiyata da bakin ƙaramar nas

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata, aikin da likitan Amurka Atul Gawande ya jagoranta. Tambayoyin masu sauƙi ne. Wane ne majiyyacin? Wace gaɓa za a yanka? An ƙirga auduga da allurai kafin a fitar da shi? Da aka gwada ta a asibitoci 8, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta ta, wani bincike na 2014 bai ga wani canjin a zo a gani ba. Ni a ganina, takardar tana aiki ne inda ƙaramar nas za ta iya ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, dakata, auduga ɗaya ba ta fito ba," kuma ya dakata. A asibitocinmu jin nauyin na gaba kan ɗaure bakin na ƙasa. Ya kamata shugabannin asibiti su tabbatar duk ma'aikacin da ya tona kuskure an saurare shi, ba a tsangwame shi ba.