RA'AYINMU: Hanyar Birnin Gwari, ƙaddara ba ta wanke ganganci

Duk wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a 'yan shekarun da suka wuce, ya san cewa ba a hawanta sai da zuciya a hannu. Tafiyar da ba ta wuce kimanin kilomita 120 ba ta koma sai an tsaya jiran rakiyar jami'an tsaro, an haɗu an yi ayari, a ratsa Buruku da Udawa da Kuriga kowa na salati, saboda 'yan bindigar da suka mayar da dajin Kamuku da na Kuyambana gidajensu. Ba mu manta da sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024 ba. A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 ne gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da sulhu da 'yan daji, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta shafe shekaru a rufe, manyan motoci suka dawo lodin dabbobi da hatsi. Muna roƙon Allah Ta'ala Ya zaunar da wannan yanki lafiya, Ya kare raunana daga sharrin azzalumai.

To amma 'yan uwa, akwai wani makashin a kan wannan hanya wanda ba ya ɗauke da bindiga, ba ya neman kuɗin fansa, kuma babu wanda ya zauna sulhu da shi. Shi ne haɗuwar ƙaramar mota da babbar mota a kan ƙunƙuntar kwalta. Idan 'yan bindiga suka kashe mutum guda, gari yakan ɗauka, a yi tir, a yi Allah wadai. Idan kuwa Golf ta shige ƙarƙashin tirela mutum bakwai suka cika nan take, sai a kwashe gawarwaki, a yi jana'iza, a ce kwana ne ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Wannan shiru shi ne abin da muke son mu yi magana a kai, musamman da ku matasa, domin ku ne direbobin, ku ne yaran motar, ku ne 'yan acaɓa, kuma ku ne ake binnewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara a duniya, kuma babu abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya.

Da farko mu faɗi laifin mahukunta, domin nasu ne babba. Wannan hanya ta tarayya ce, kuma tana cikin tsofaffin hanyoyin da suka haɗa Arewa da Legas: daga Kaduna a bi Birnin Gwari, Pandogari, Kagara, Tegina, Mokwa, Jebba, har Ilorin. Falle ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa duk a kan kwalta guda. Bisa ƙa'ida faɗin kwaltar irin waɗannan hanyoyi mita 7 ne da 'yan kai, faɗin tirela kuwa kimanin mita 2 da rabi. Ke nan idan manyan motoci biyu suka yi kiciɓis, abin da ya rage tsakaninsu da bakin titi bai taka kara ya karya ba, balle inda ruwan damina ya cinye gefen kwaltar ya bar gargada da ramuka.

Shin me ya tara waɗannan manyan motoci a kan hanyar da ba ta fi ƙarfin motocin fasinja ba? Layin dogo ya isa Kano tun 1911, kuma da jirgin ƙasa aka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu da shanu zuwa kudu. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, aka shimfiɗa bututu zuwa rumbunan mai na Arewa. Waɗanda aka danƙa wa amanar dukiyar al'umma suka bar jirgin ya durƙushe, matatar ta shafe shekaru ba ta tace ko lita ɗaya ba, sai duk nauyin siminti da taki da fetur da dabbobi ya dawo kan titi. Kowace tanka da ka gani tana tafe daga Legas da mai, shaida ce a kan wannan cin amana. Wanda ya karɓi kuɗin gyaran hanya ya cinye, ko ya sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, ya sani cewa jinin da ya zuba a wannan rami zai tsaya da shi gaban Allah, ko da babu kotun da ta kira shi a duniya.

Sai dai laifin mahukunta ba ya ɗauke namu. Shekarun tsoro sun koya wa direbobinmu wata ɗabi'a: a taka mota iya ƙarfinta a cikin daji, kada a tsaya, kada a rage gudu ko a kwana, a manne wa motar gaba don kada ayari ya bar ka. A wancan lokaci mutum yana da hanzari, domin yana gudun harsashi ne. Amma ɗabi'ar ta zauna a ƙafar direba, har ta zama abin alfahari a tasha cewa wane ya fi kowa saurin shiga Kaduna. Kuma fasinjoji, ciki har da masu gemu da carbi, su ne ke zuga shi da cewa ya cika nawa.

Bari mu yi lissafi a fili, domin addininmu bai hana aiki da hankali ba. Tirela mai ɗauke da buhun siminti 600 tana da tan 30 a bayanta, ban da nauyin jikinta. Golf ɗin da kake ciki ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Idan aka yi taho-mu-gama, ba sai an tambayi wanda zai kwana a ciki ba. Irin wannan nauyi ba ya tsayawa don an taka burki, sai ya ja tafiya mai nisa. Kuma duk mota, ƙarama ko babba, idan ka ninka gudunta sau biyu, nisan da take bukata kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Don haka wanda ya sha gaban tirela ya faɗo mata a hanci sannan ya taka burki don kauce wa rami, ya nemi direban ya yi abin da ba shi da iko a kai.

Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa tanka da tirela kilomita 50 a awa a kan irin wannan hanya, ƙananan motoci da bas kuwa kilomita 80. A ce kowa ya tsaya a kan nasa, kai kuma kana son ka wuce tirela. Kafin ka fito daga bayanta, ka share tsawonta, ka koma hannunka da tazara mai kyau, za ka yi daƙiƙa 8 zuwa 9 kana aron hannu. A cikin wannan ɗan lokaci ka ci kusan mita 200, motar da ke tahowa ita ma ta ci kamar haka. Ke nan sai kana hangen kimanin mita 400 babu kowa, wato tsawon filin ƙwallo huɗu, kafin ka ce za ka wuce. A kwanar daji, ko a kan tudu, ko bakin gada, ko lokacin hazo, ko da dare da fitilar wani ta kashe maka ido, ina ka ga mita 400? Wanda ya fito a irin wannan wuri caca ya yi da rayukan bayin Allah, kuma caca haramun ce ko da da kuɗi ce, balle da rai.

Haka nan direban babbar mota ba ya ganin duk abin da ke kewaye da shi. Ba ya ganin wanda ya manne masa a baya, ba ya ganin babur ɗin da ya saƙalo ta hannun damansa, ba ya ganin abin da ke daf da hancinsa. Idan ba ka hango madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Idan zai sha kwana yakan buɗe sosai, tayoyin baya kuma su yanke ta ciki su taka duk abin da ya shiga wurin. Iskar da take ja idan ta wuce da gudu ta isa ta kayar da mai babur da goyonsa. Ga kuma wadda ta lalace ta tsaya a kan titi cikin duhu, babu fitila, babu alama sai 'yan ganyen da yaron mota ya watsa a kan kwalta.

Sai batun hawa bayan tirela. Saboda tsadar kuɗin mota, matasa da yawa masu tafiya cirani kudu kan haye saman buhuna, ko su zauna kan katako bisa kawunan shanu. Mun san talaucin da aka jefa mutane ciki ne ya jawo haka, ba mu raina halin kowa ba. Amma ku tuna abin da ya faru ranar 8 ga Satumba, 2024, a yankin Agaie ta jihar Neja, inda tankar mai ta yi karo da tirela mai ɗauke da mutane da shanu wadda ta taso daga Wudil za ta Legas, mutane sama da 40 suka ƙone. Ku tuna Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu a wurin kwasar man tankar da ta faɗi, da kuma mahadar Dikko ta jihar Neja a watan Janairu na 2025, inda sama da 80 suka tafi ta wannan hanya. Mafi yawansu matasa ne irinku. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Za a ce ai komai ƙaddara ce. Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma babu ran da zai wuce wa'adinsa. Amma wanda ya ƙaddara shi ne Ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka, kamar yadda ya zo a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Manzon Allah (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, kuma ya ƙidaya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. In kawar da ƙaya daga hanya imani ne, me za a kira wanda ya mayar da kansa abin cutarwa a kan hanya? Ko ɗan bindigar da ya harbe matafiyi, da ƙaddarar Allah matafiyin ya mutu, amma babu mai hankalin da zai wanke ɗan bindigar da wannan.

Kuma shari'a ba ta bar jinin da aka zubar bisa kuskure ya tafi a banza ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka yana ɗauke da alhakin abin da ya jawo. Direbobi nawa ne a tashoshinmu ake bin su wannan azumi ba su ma sani ba? Yafewar iyalan mamaci tana iya sauke diyya, amma ba ta sauke kaffara.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa direbobi: ku ba babbar mota tazara, kada ku wuce ta sai kun ga gabanku sarai, kada ku wuce ta hannun dama, ku duba taya da burki da fitila kafin lodi. Wanda barci ya kama ya sami gari ya tsaya, domin ƙwaya ba ta biyan bashin barci, sai dai ta ƙara wa mai ita zunubi. Muna kira ga direbobin manyan motoci, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne masu neman halal, su ji tsoron Allah game da na ƙasa da su, su daina danne hanya, su daina miƙa wa yaro sitiyari da dare, su daina ɗora mutane a kan kaya. Masu motocin kuma su daina tilasta wa direba lodin da ya wuce kima da tafiyar da babu hutu.

Fasinja ma yana da nasa. Hani da mummuna bai tsaya a kan mumbari ba. Idan direba na gudun wuce sa'a, ka yi masa magana da ladabi, idan ya ƙi ka sauka a gari na gaba, asarar kuɗin mota ta fi asarar rai sauƙi. Masu shirya tafiye-tafiyen 'yan uwa zuwa tarukan wa'azi su sani amana ce a wuyansu: a tashi da wuri don kada a yi sauri, kada a cusa mutane fiye da kujeru, kada a yi tsere a cikin ayari, a sa babba mai faɗa a ji a kowace mota. Kyawun niyyar tafiya ba ya gyara lalataccen burki. Malamai da limamai daga Magajin Gari har Buruku su sa wannan batu cikin huɗubobinsu da karatunsu, shugabannin tasha kuma su daina ba ɗan ganganci layi.

Ga mahukunta kuwa, abin da ake nema a wurinsu bai ɓuya ba: a faɗaɗa hanyar, a cike gefenta, a samar da wuraren tsayawar manyan motoci, a janye wadda ta lalace kafin dare, a mayar da kaya masu nauyi kan layin dogo. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa tun 1988 da sauran jami'an da ke kan hanya su duba burki da lodi, su bar duba hannun direba. Mutanen Birnin Gwari sun binne 'ya'yansu da yawa a shekarun bindiga, bai kamata waɗanda suka tsira su ƙare a ƙarƙashin tirela ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.