Sabuwar dokar hannun jari: Ina rabon manomin riɗi na ƙasar Gumel?

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari wadda ta maye gurbin ta 2007, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta Ƙasa, wato SEC, ba ta zauna ba.

A Nuwamban 2025 an rage kwanakin kammala biyan cinikin hannun jari daga 3 zuwa 2. A Janairun 2026 hukumar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin da dillalan kasuwar za su mallaka, ta yadda kamfanin da ke saya wa kansa da kuma abokan hulɗarsa zai tashi daga naira miliyan 300 zuwa biliyan 2 kafin ƙarshen Yunin 2027.

Dokar ta sanya kuɗin kirifto a ƙarƙashin kulawar hukumar. Ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun, ga masu kafa harkar damfarar nan da ake biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi.

Duk waɗannan ayyuka ne masu amfani, kuma shugaban hukumar, Dokta Emomotimi Agama, ya cancanci yabo a kansu. Sai dai idan aka jera su aka duba, za a ga kusan duka sun fuskanci mutumin da ya riga ya shiga kasuwar ne: dillali a Legas, banki a Abuja, mai zuba jari daga Landan.

Akwai wani sashe na dokar da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wanda ya yi magana a kan kasuwannin amfanin gona da rasidin ajiya a sito. Ga mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan sashe ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ya kamata SEC ta ɗauko daga ƙasan jerin ayyukanta ta kai shi sama.

Kasuwar da ba ta iso ba

Shi kansa Agama ya faɗa a 2025 cewa ƙasa da kashi 4 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ne ke zuba jari a kasuwar. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 kuma ya nuna kashi 47 cikin 100 na manya a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, alhali a faɗin ƙasa kashi 26 ne.

Wannan ba ya nufin babu dukiya a yankin. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da ma gaba da ita, tireloli na lodi zuwa Kudu. Riɗi da zoɓorodon da ake nomawa a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu na tafiya har ƙasashen Asiya da Meziko.

Jarin mutumin wannan yanki yana tsaye ne da ƙafa huɗu a turke, ko kuma yana cikin buhu. Yana da hujjarsa kuwa. Dattawan da suka sayi hannun jarin bankuna a lokacin haɗakar 2005 sun ga yadda kasuwa ta faɗi a 2008. Waɗanda ke da hannun jari a Afribank da Bank PHB da Spring Bank sun wayi gari a 2011 takardunsu sun zama na naɗe ƙosai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Matasa kuwa, abin da ya fara isowa wayoyinsu da sunan zuba jari shi ne MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, sai dangwalen Hamster Kombat da ya ƙare da cizon yatsa a Satumbar 2024, sai CBEX da ta nutse da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Ɗan damfara ya riga hukuma isa ƙauye, kuma da Hausa ya yi musu magana.

Hukunci mai tsanani yana da kyau, amma yakan zo ne bayan aikin gama ya gama. Abin da zai rage wa 'yan damfara kasuwa shi ne mutane su ga wata hanyar halal ta juya abin da ke hannunsu.

Mene ne rasidin sito?

Matsalar manomin riɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar sananniya ce. Da kaka kowa na fitar da kaya a lokaci ɗaya, farashi ya sauka. A lokacin ne kuma ake binsa kuɗin taki da na 'yan ƙodago, ga hidimar aure da ta makaranta. Wani ma tun da damina ya karɓi ba-da-kaka, don haka amfanin ba nasa ba ne tun kafin ya nuna.

Sai ya sayar. Mai jari ya saya ya zuba a sito, bayan 'yan watanni ya kwashi ribar jira.

Tsarin rasidi na ba manomi damar shi ma ya jira. Zai kai buhunansa sito mai rajista, a auna, a duba tsabta da danshi, a ba kayan daraja ta ɗaya ko ta biyu, sannan a ba shi shaida a takarda ko ta waya. Wannan shaidar dukiya ce a idon doka. Zai iya jinginar da ita ya karɓi wani kaso na kuɗin kayan ya biya buƙatarsa, ko ya sayar da ita ga mai saye a Kano ko Legas ba tare da buhu ya motsa ba.

Akwai ƙarin amfani biyu. Farashi na fitowa fili, kowa ya gani a wayarsa kafin dillali ya yi masa tayi. Sannan wanda ya tsabtace riɗinsa zai sami kuɗin wahalarsa, ba a haɗa shi kuɗi ɗaya da mai zuba yashi ba.

Tunanin ba sabo ba ne a Najeriya. Kasuwar Amfanin Gona ta Ƙasa, NCX, ta samo asali ne daga kasuwar hannun jari ta Abuja da aka kafa a 1998, aka mayar da ita ta kayan gona a 2001. A 2021 Babban Bankin Najeriya ya sanar da shirin zuba mata naira biliyan 50, amma har yau ƙaramin manomi bai san da zamanta ba. Kamfanin AFEX mai zaman kansa ya buɗe sito-sito a jihohin Arewa da dama tun bayan kafuwarsa a 2014.

Abin da aka daɗe ana kuka da shi shi ne rashin cikakkiyar dokar majalisa da za ta sa banki ya yarda da rasidin. Yanzu ta samu, kuma a hannun SEC aka damƙa ta.

Darasi daga tsallaken iyaka

Ba sai an je nesa ba. A Jamhuriyar Nijar, wadda Maigatari ke bakin iyakarta, ƙungiyoyin manoma sun fi shekara 20 suna yin abin da suke kira warantaj, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1990.

Manoma kan haɗa gero ko wake a ɗakin ajiya guda, a sa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya na hannun ƙungiya, ɗaya na hannun ƙaramar cibiyar da ta ba da rance. Babu mai buɗewa shi kaɗai. Da bazara a buɗe, a sayar, a biya bashi, ragowar ta koma wa mai kaya.

Habasha kuma ta kafa kasuwar amfanin gonarta a 2008, riɗi na cikin manyan kayan da ake ciniki a can. Tsarin nata ya sha suka saboda tilasta wa 'yan kasuwa bi ta cikinsa, kuma wannan kuskure ne da bai kamata a kwaikwaya ba. Amma ta nuna cewa ana iya auna riɗi a ƙauye a sayar da shi a babban birni da takarda.

Inda gizo ke saƙa

Masu shakka na da hujjoji, kuma ba na yarwa ba ne.

Na farko, farashi ba kullum yake tashi ba. Bayan Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a Yulin 2024, farashin hatsi ya sauka a 2025, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Rasidi ba ya hana wannan. Dole a gaya wa manomi gaskiya cewa jira ma kasada ce, kuma akwai kuɗin sito da zai biya. Abin da tsarin ke ba shi shi ne zaɓi, wanda a yau ba shi da shi.

Na biyu, zargin ɓoye abinci. A Fabrairun 2024 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa wannan zargi. Babu wanda zai kai kayansa inda yake tsoron a garƙame. Amma sito mai rajista shi ne maganin zargin, domin hukuma ta san buhu nawa ne a ciki da kuma masu shi. Idan aka fara da riɗi da zoɓorodo, waɗanda galibi na fitarwa waje ne, maganar yunwa ma ba ta taso ba.

Na uku, amana. Ranar da aka ba da rasidin buhu 1,000 alhali 600 ne a sito, tsarin ya mutu, kuma ba zai tashi ba sai bayan shekaru. A nan ne aikin SEC yake: binciken ba-zata, inshora ko takaful a kan kaya, da hukunci cikin gaggawa. Mai binciken da ke zaune a Abuja ba zai ƙirga buhu a Maigatari ba.

Na huɗu, kuɗin ruwa. Mafi yawan mutanen yankin ba za su karɓi bashi da ruwa ba, komai kyan tsarin. Fiƙihun ciniki na da hanyoyi irin su salam da murabaha, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna aiki da irin waɗannan hanyoyi. Sai a zauna da malamai tun farko a tantance hukuncin sayar da rasidi, musamman batun sayar da abinci kafin a karɓe shi.

Sukuk ya riga ya nuna cewa akwai masu kuɗin da ke jiran hanyar halal. Na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 naira biliyan 100 ne. A Mayun 2025 gwamnati ta nemi biliyan 300, masu zubi suka kawo tayin sama da tiriliyan 2.

Abin da ya kamata a yi

SEC na da ofishin shiyya a Kano. Ya dace a ba wannan ofis ma'aikata da ikon yin rajista da binciken sito-sito a Kano da Jigawa da Katsina, a kuma buga sunayen masu rajista da Hausa, ta rediyo da ta waya, yadda manomi zai tantance kafin ya sauke kaya.

Hukumar ta kuma lura da illar ɗaga jari. Ƙa'idar da ta dace da babban dillali a Legas, idan aka ɗora ta a kan ƙungiyar manoma mai sito ɗaya, za ta kore ta ne. Ana buƙatar mataki na ƙanana, mai sauƙin rajista amma mai tsananin bincike.

Gina sito ba aikin SEC ba ne. Wannan na Gwamnatin Jihar Jigawa ne da 'yan kasuwa. Yankin ciniki maras shinge na Maigatari ya daɗe bai kai inda aka yi masa fata ba. Gwamnatin Malam Umar Namadi na iya neman a yi gwajin farko a can, da ma'auni na gaskiya da ɗakin gwajin inganci, sannan a buɗe wuraren tattara kaya a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Kada a mayar da dillalan kasuwa abokan gaba. Su suka san manoma, su suka san kaya. Da yawansu za su iya zama wakilan sito su ci la'adarsu a bayyane. Masarautar Gumel, ta hannun hakimai da dagatai, na iya taimakawa wajen shaidar ƙungiyoyin da suke na gaske.

'Yan majalisar da ke wakiltar yankin a Abuja su ma suna da abin yi. Duk lokacin da shugabannin SEC suka zo kare kasafin kuɗinsu, a tambaye su: sito nawa kuka yi wa rajista a Jigawa, rasidi nawa aka bayar, banki nawa ya karɓa?

Gwamnatin Tarayya na maganar tattalin arzikin dala tiriliyan 1 nan da 2030, SEC kuma na auna nasararta da yadda darajar kasuwar Legas ke hauhawa. Ya kamata ta ƙara ma'auni guda a rahotonta na shekara: yawan manoman da suka riƙe amfaninsu suka wuce kaka ba tare da sun ci bashin ruwa ba. Doka ta ba ta iko, kaya na nan a Maigatari, kuma kowace kaka da ta wuce ba a fara ba, manomi ne ke biyan kuɗin jinkirin.