Kiristan Katsina ba ɗan haya ba ne

Wata gurguwar fahimta ta samu gindin zama a zukatan wasu Kiristocin birnin Katsina, wai tsira ita ce a ɗaga katangar coci, a yi sujada, a koma gida shiru kamar ɗan haya. Tsoron yana da dalili, amma Littafi Mai Tsarki bai goyi bayansa ba. Yahudawan da aka kwashe zuwa bauta a Babila sun fi su dalilin ƙunci, duk da haka wasiƙar Annabi Irmiya, a sura ta 29, ta umarce su da gina gidaje da dasa lambuna da nema wa birnin alheri.

Katsina ta taɓa ganin haka. A shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, 'yan mishan na SIM suka karɓi jinyar kutare a Babbar Ruga. Da burin wa'azi suka zo, gaskiya ne, amma miki suka wanke. A 2023 kuma aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na farko na Katolika a Katsina. Batun baƙunci ya ƙare.

To, mece ce hujjar cocin da ke da rijiyar burtsatse a harabarta, ta garƙame ƙofa, alhali maƙwabta na jiran ɗan garuwa?