Kwamin Wanka A Tsakar Gida: Baƙar Mesa Da Leda Sun Fi Fanel Da Inbata Ɗumama Ruwa

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani Ba'amurke ya kafa kwamin wanka na roba a bayan gidansa, irin na Intex ko Bestway da ake girkawa a kan ƙasa ba tare da an yi haƙa ba. Sai ya naɗe baƙar mesa a kan katako kamar faifai, ya ajiye a rana, ya haɗa ta da kwamin. Can sai ya tara hannu a bakin mesar ya janye da sauri, wai ruwan ya ƙona shi.

Su a can suna yin haka ne domin lokacin zafinsu gajere ne, suna so su ƙara 'yan makonni na iyo. Mu a nan ba mu da wannan matsalar a mafi yawan shekara, a watan Afrilu ma fata kake ruwan ya yi sanyi. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu labari ya sha bamban. Duk wanda ya taɓa tsoma hannu a randa da asubar hunturu ya san abin da nake nufi. Yayana ya sayo wa yaransa irin wannan kwamin, sanyi na shigowa suka ƙaurace masa, shi ne ya kira ni, tun da a gidanmu duk abin da ke da waya ko makunni ni ake nema.

Tambayar da ya fara yi mini ita ce fanel nawa zai saya, da inbata mai girman nawa, don ya jona hita. Wannan tambayar ce ta sa ni rubutun nan. Mu dai da an ce sola, tunaninmu ba ya wuce fanel da batir da inbata. Ni kuwa a ganina, indai ɗumama ruwa ake so, wannan ita ce hanya mafi tsada kuma mafi asara.

Mu yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Kwami mai faɗin mita 3, ruwansa ya kai zurfin santimita 65, yana cin kusan lita 4,600. Kafin ka ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya, sai ka kashe wat-awa 1.16. Ke nan digiri ɗaya tak a wannan kwamin zai ci sama da yunit 5, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Idan digiri biyar kake so ka ƙara, ana maganar kusan yunit 27. Fanel mai wat 550, wanda faɗinsa ya kai murabba'in mita 2.5, abin da zai ba ka a wuni mai kyau bai fi yunit biyu da rabi zuwa uku ba. Wato fanel biyu su wuni suna aiki, sakamakon digiri ɗaya ne.

Dalili kuwa shi ne, da tsakar rana hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kaiwa wajen wat 1,000, amma fanel kashi 20 cikin ɗari ko ɗan sama da haka kawai yake mayarwa lantarki. Ragowar yawanci zafi ne da ke tafiya a banza. To me ya sa za ka bar zafin ya tafi, ka tara ɗan lantarki, sannan ka sake mayar da lantarkin zafi? Baƙar mesa ba ta wannan zagaye. Rana ta buge ta, ta yi zafi, ruwan da ke wucewa ya kwashe. Idan ruwan bai fi iskar wurin zafi sosai ba, tana iya kama rabin hasken ko fiye. Na san akwai na'urar da Turawa ke amfani da ita, wadda ke aiki kamar AC a juye, tana zuƙo zafi daga iska ta zuba a ruwa, kuma tana ninka lantarkin da ta ci sau da yawa. Gaskiya tana aiki. Sai dai kuɗinta ya sha gaban kwamin kansa.

Amma fa masu bidiyon ma ba su faɗa maka komai ba. Ruwan da ya ƙona hannun mutumin nan ɗan kaɗan ne, wanda ya daɗe kwance a cikin mesa. Mesa mai tsawon mita 100 da kaurin milimita 16, idan ka naɗe ta, abin da rana ke gani bai wuce murabba'in mita 1.6 ba. A ƙiyasi, wannan zai ba kwaminmu kusan digiri ɗaya ne a wuni. Ya fi fanel nesa ba kusa ba idan aka duba kuɗi, amma ba abin al'ajabi ba ne. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tana ba da shawarar cewa faɗin abin kama ranar ya kai daga rabin faɗin saman ruwan zuwa daidai da shi. Saman kwaminmu murabba'in mita 7 ne, ke nan naɗi ɗaya ba zai isa ba, sai uku ko huɗu.

Akwai kuma kuskuren da ni kaina na yi. Na riƙa rage gudun ruwa don ya fito da zafi sosai, ina jin daɗi. Ashe asara nake. Duk lokacin da mesa ta yi zafi ƙwarai, iska ce ke kwashe zafin. Gara ruwa ya riƙa gudu da yawa yana fitowa da ɗan ɗumi kaɗan, ta haka ne zafi ya fi shiga kwamin. Idan ka taɓa mesar da rana tsaka ka ji ba ta ƙuna, alama ce aiki na tafiya daidai.

Abin da ya fi mesar muhimmanci kuwa, kusan ba a yi masa bidiyo, domin ba shi da ban sha'awa: murfi. Babbar hanyar da kwami ke rasa zafi ita ce ruwan da ke tashi ya bi iska. Kowace lita da ta bi iska tana tafiya da kusan kashi biyu bisa uku na yunit. Idan ruwan ya ragu da rabin santimita kawai, lita 35 ke nan, sama da yunit 20 sun tafi, wato kimanin digiri huɗu. Yanzu ka tuna yadda iskar hunturu take, busasshiya mai fasa leɓe da kaushi. Ita ce dalilin da ya sa ruwan tulu ke sanyi, kuma abin da take yi wa tulu shi take yi wa kwami. Duk abin da mesa ta tara da rana, dare ɗaya ya isa ya kwashe. Ledar rufi mai kumbure-kumburen iska, wadda ake shimfiɗawa a saman ruwa, ita ke tare wannan. Tana kuma tare ƙura. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin mesa da leda, leda zan ɗauka ban yi wata-wata ba.

To ina fasahar zamani ta shigo? A nan ne na sha kunya. Na sayo ESP32 da ma'aunin zafi DS18B20 guda biyu, ɗaya a mesa ɗaya a kwami. Na rubuta manhajar da za ta kunna injin tura ruwa idan mesa ta fi kwami zafi, ta kashe idan ba haka ba, domin da dare mesar sanyaya ruwa take yi. Har da turo mini saƙo a waya. Na kwana uku ina fama da ita. Wani mai haɗa sola a unguwarmu ya leƙo ya ce mini, "Malam, me ya sa ba za ka jona ƙaramin inji mai bolt 12 kai tsaye da ƙaramin fanel ba?" Rana ta fito inji ya tashi, rana ta faɗi ya tsaya. Babu batir, babu inbata, babu layi ɗaya na manhaja. Ma'aunin nawa dai na bar shi, saboda ina son ganin lambobi a waya, amma ba shi ke tafiyar da aikin ba. Idan akwai wurin fanel a wannan harka, to nan ne.

Kuma bolt 12 ɗin nan yana da wata fa'ida. Jawo waya daga soket ɗin ɗaki zuwa bakin ruwan da yara ke wasa babu takalmi, ganganci ne da rai. Wanda dole sai ya yi amfani da injin tace ruwa mai wutar gida, to ya sa a haɗa masa na'urar RCD mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, kuma a kashe injin idan akwai mutum a ciki.

Kafin ka kai ga maganar ɗumi ma, ka tuna lita 4,600 nauyin tan 4.6 ne. Ba a ɗora shi a saman bene ba tare da injiniyan gini ya duba ba. Ƙasan kuma sai ta daidaita sosai, a tsince duwatsu da ƙaya, domin idan gefe ɗaya ya fi ƙasa, can nauyin zai taru har bangon ya buɗe. Sannan wannan ruwan jarka 184 ne mai lita 25. Wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya fara buga wannan lissafin tukuna. Ruwa mai ɗumi kuma gansakuka na son sa, idan aka yi sakaci da shi sauro ya samu gidan haihuwa. Sai da sinadarin kulorin da takardar gwaji, a riƙe awon pH tsakanin 7.2 da 7.8.

Ledar da na yaba ma tana da haɗarinta. Yaro ƙarami zai iya ɗauka abin takawa ne, ya faɗa ta naɗe shi, kuma nutsewar yaro ba ta da ihu. A gidan yayana mun sa ƙyaure mai sakata a sama inda hannun yara ba ya kaiwa, ana cire tsani duk lokacin da aka gama, kuma ba a shiga sai an yaye ledar gaba ɗaya, da babba a tsaye a wurin, wayarsa a aljihu.