Lafiya Uwar Jiki: Idan Sakamakon Gwaji Bai Fito Fili Ba

 

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta same ni a gida bayan la'asar, da takarda a ninke cikin mayafinta. Shekara 4 ke nan da aka cire mata mama ɗaya saboda ciwon daji, ta sha kemo, aka yi mata gashin na'ura, Allah Ya ba ta lafiya. Sai ga shi wata rana tana wanka ta ji ɗan ƙullutu kusa da tabon aikin. Ta koma asibiti aka ɗebi ɗan nama daga wurin aka kai ɗakin gwaji, abin da likitoci ke kira bayofsi. Da sakamako ya fito, sai likita ya ce mata ba a tabbatar da komai ba, sai an sake.

Ta dube ni ta ce, "Anti, da sun ce ya dawo, da na san abin da nake ciki. Yau kwana 9 ban yi barcin kirki ba, kuma ko baban yara ban faɗa wa ba."

Na san akwai irinta da yawa, domin sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Najeriya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da ita a duniya. Duk wadda ta taɓa bin wannan hanya, ko ɗan ƙurji ta gani sai gabanta ya faɗi. To 'yar uwa, irin wannan sakamako yana nufin likita bai samu isasshiyar amsa ba tukuna. Bai ce ciwon ya dawo ba, bai kuma sallame ki ba. Saura aiki.

Me ke kawo haka? Wani lokaci abin da aka ɗebo ne ya yi kaɗan, musamman idan da siririyar allura aka zuƙo shi, ko kuma allurar ta kauce wa ainihin wurin. Wani lokaci kuma wurin da aka taɓa yi wa aiki yakan yi tabo mai tauri daga ciki, ko kitsen wurin ya mutu ya dunƙule, a taɓa a ji kamar ƙullutu alhali ba daji ba ne. Shi ma gashin na'ura yakan sauya kamannin ƙwayoyin halittar wurin, har mai dubawa ya ga ba su yi kama da lafiyayyu ba, ba su kuma kai a kira su daji ba. Likita mai amana ba zai yanke hukunci a kan shakka ba.

Don haka idan za ki koma, ki rubuta tambayoyinki a takarda, saboda tsoro yana sa mantuwa. Ki tambaya: naman ne bai isa ba, ko an ga wani abu da ake shakka a kansa? Za a sake ɗiba da allura mai kauri ne, ko za a cire ƙullutun gaba ɗaya a duba? Yaushe za a yi, kuma yaushe zan dawo karɓar sakamako? Ki tafi da tsofaffin takardunki, domin mai gwajin yakan so ya gwada sabon naman da na farko. Akwai kuma ƙarin gwaji da ake yi wa naman da wasu sinadarai, wanda yakan ƙara kwanaki, don haka jinkiri shi kaɗai ba alamar mugun labari ba ne. Idan hankalinki bai kwanta ba, haƙƙinki ne ki nemi wani ƙwararren ya sake dubawa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da sashen wannan gwaji.

Abin da na fi jiye mana tsoro shi ne gudu. Mace ta ji an ce "a sake", sai ta ce asibiti sun kasa, ta koma shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni. In ba komai ba ne, ta yi zaman zullumi a banza. In kuwa ciwon ne, ta zubar da lokacin da ya fi sauƙin magani. Haka kuma wadda ke shan maganin da aka ɗora ta a kai bayan aiki, irin su tamoxifen, kada ta daina sai likita ya ce.

Kwanakin jira kuma, kada ki ɗauki kayan ke kaɗai. Ki faɗa wa maigida, ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙon sirri ta raka ki asibiti, ta ji abin da kunnenki ya tsallake. Ba dole ne dangi duka su sani ba. Ki daina yawan matsa wurin, ki ci abinci, ki ci gaba da hidimar gidanki. Ki riƙe addu'a ki miƙa wa Allah lamarinki, tare da zuwa asibiti ranar da aka ba ki. Kuka kuwa ba rashin tawakkali ba ne. Idan rashin barci ya yi tsawo, shi ma ki faɗa wa likita.

Ita baiwar Allahn nan ta faɗa wa mijinta a daren, kuma shi ya kai ta da kansa. An sa ranar da za a cire ƙullutun a duba. Har na ajiye alƙalami tana jira, don haka ku sa ta a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai wata mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.