Ƙiyasin ruwan noman rani a Kogin Zamfara

Ƙiyasin ruwan noman rani a Kogin Zamfara lissafi ne da ake yi domin sanin yawan ruwan da gonakin ban ruwa za su riƙa ɗiba daga kogin a shekaru masu zuwa. Kogin yana ratsa ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi a yammacin Jihar Zamfara, ya wuce ta Jega a Jihar Kebbi, ya haɗu da Kogin Sakkwato, wanda shi kuma yake zuba a Kogin Neja. Saboda haka duk ruwan da aka ɗiba a Gummi da rani, ragi ne a kan abin da zai isa ga manoman da ke ƙasa.

Yadda ake lissafin

Abubuwa uku ake haɗawa: faɗin gonakin da za a shayar, ruwan da shukar ke buƙata daga shuka zuwa girbi, da ruwan da ke salwanta a hanya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da manhajar kwamfuta mai suna CROPWAT da ake amfani da ita wajen lissafa buƙatar shuka bisa zafi, iska da hasken rana.

Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da mita kubik 10. Idan a ce shinkafar rani tana buƙatar milimita 1,000, hekta ɗaya za ta sha mita kubik 10,000. Idan kuma rabin ruwan yana tsiyayewa ko yana ƙafewa kafin ya kai ga shuka, sai an ɗibi 20,000. Hekta 1,000 ke nan za su ci mita kubik miliyan 20 a rani guda.

Darasin Bakolori

Misali mafi kusa shi ne Madatsar Ruwa ta Bakolori da ke kan Kogin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 450. An tsara ta shayar da kusan hekta 23,000, amma shekaru da dama filin da ake nomawa bai kai haka ba, musamman bayan lalacewar na'urorin feshin ruwa. A ƙasan madatsar kuwa ambaliyar damina da ke jiƙa fadamu ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Wato lissafin ya zarce a wuri ɗaya, ya manta da mutane a wani wurin. Bakolori tana cikin ayyukan da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya ɗauki nauyin gyarawa.

Injinan da ba a ƙirgawa

Kogin Zamfara ba shi da madatsa mai girman Bakolori. Yawancin ban ruwan Anka, Bukkuyum da Gummi na ƙananan manoma ne da ke jan ruwa da inji daga kogi, ko daga gajerun rijiyoyin da ake haƙawa a fadama. Wannan salo ya yaɗu da shirin Fadama na farkon shekarun 1990, ya ture jigo. A nan lissafin ya fi rauni, domin babban aikin gwamnati yana da taswira da faɗin fili a rubuce, amma injin manomi ba shi da ma'aunin ruwa. Rijiyar fadama ma, ko da ba a bakin kogi take ba, daga ruwan da ke kwance cikin yashin kwarin take sha, kuma shi ne ke riƙe kogin bayan ɗaukewar damina.

Adadin injinan kuma yana hawa da sauka da abubuwan da ba su shafi ruwa ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya tsadar da ban ruwa. Injin mai aiki da hasken rana yana iya juya lamarin, tunda wanda ba ya sayen mai ba shi da dalilin kashe inji da wuri. Hare-haren 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da yawa da gonakinsu, don haka duk ƙiyasin da aka ɗora a kan filin da ake nomawa yanzu zai gaza ranar da mutane suka koma gida. Ga kuma masu wanke zinariya a Anka da Bukkuyum, yankin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. A wurinsu batun ya wuce yawan ruwa, ya kai ga tsabtarsa.

Jimillar ruwan shekara ma tana ruɗi. Garin Gummi ya sha ambaliya a watan Agusta na 2024, alhali a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, kogin kan ragu ƙwarai. Lissafin wata-wata ya fi na shekara amfani a irin wannan kogi.

Masu hurumi

Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta damƙa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ayyukan ban ruwa na tarayya a yankin. An kafa ta tun Zamfara da Kebbi ba su zama jihohi ba, Kebbi ta samu a 1991, Zamfara a 1996, kuma yanzu kowace jiha tana da nata burin noman shinkafa. Babban tsarin albarkatun ruwa na ƙasa, wanda aka sabunta a 2013 da taimakon hukumar JICA ta Japan, ya yi hasashen buƙatar ruwa zuwa shekarar 2030. A sama da su akwai Hukumar Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, mai ƙasashe tara, wadda yarjejeniyarta ta ruwa ta 2008 ta buƙaci ƙasa ta sanar da sauran kafin ta fara aikin da zai iya taɓa ruwansu sosai. Injinan fadamun Gummi, ɗaya bayan ɗaya, ba su kai girman da za a sanar da kowa ba.