Ajiya a «girgije»: kada mu yi cinikin biri a sama

A makon jiya wani Alhaji ɗan kasuwa na Maraɗi, wanda muka daɗe da sanin juna, ya tare ni da wata tambaya da ta ba ni dariya, daga baya kuma ta hana ni barci. Alhajin nan dillalin shinkafa da mai da sukari ne, yana da mangaza a Maraɗi, yana da wata a Damagaram, ga kuma ƙaninsa da ke riƙe masa ta uku a Yamai. Ɗansa da ya gama jami'a ya matsa masa lamba a kan lallai su kwashe lissafin gidan su mai da shi «girgije». Sai Alhaji ya dube ni ya ce: «Malam, kai da ka yi lekol, gaya mini gaskiya. Ni dai na san girgije ruwa yake kawowa. Yaushe ya zama wurin ajiyar dukiya?»

Yaron yana da hujjarsa. A ƙarshen watan Agusta na 2024, lokacin da ruwan sama ya yi ɓarna a Maraɗi, ruwa ya shiga biron Alhaji ya cinye kwamfutar kwantabul ɗinsa. A cikinta ne duk lissafin yake: kayan da suka shigo, kayan da suka fita, albashin yara, da kuma abin da ya fi kome, sunayen masu bashi. Mai gyara ya ceto wani abu, wani ya tafi. Masu tsoron Allah daga cikin waɗanda ake bi suka zo da kansu suka faɗi abin da ke kansu. Wasu kuwa har yau ba su tuna ba. Ba shi ne farau ba. Dattawan Yamai ba su manta da gobarar Babbar Kasuwa ta 1982 ba, matasa kuma sun ga ta Ƙaramar Kasuwa a 2012. A irin wannan rana, ba kaya kaɗai ke ƙonewa ba, har da littafin da zai nuna wa mutum abin da yake bin jama'a.

To, mene ne wannan girgije? Suna ne kawai da Turawa suka laƙaba, amma babu abin da ke rataye a sararin sama. Wasu manyan gine-gine ne, cike da dubban kwamfutoci, da wutar da ba ta yankewa da sanyin da ba ya ɗaukewa, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google na Amurka, ko OVHcloud na Faransa. Da, ɗan kasuwa kan sayi manhajar lissafi, irin Sage da kwantabul ɗinmu suka saba da ita, a girka masa a kwamfutar bironsa. Yanzu sai a ce masa: bar manhajar da lissafin duka a gidanmu, kai dai ka riƙa shiga ta intanet, da kwamfuta ko da salula, kana biyan haya wata-wata. Amazon ya fara ba da hayar irin wannan wuri a 2006. A nahiyarmu kuwa, Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a 2020, Google kuma a 2024.

In an duba da kyau, abin ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba su gina mangaza a kowane zango ba. Wajen fatoma suke sauka, shi ke ajiye musu kaya, shi ke tsare su, su kuwa su biya la'ada. Yau ma, duk wanda ya taɓa zuba kuɗi a Maraɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, ɗan'uwansa ya karɓa a Agadas kafin shayi ya huce, ya riga ya amince da lissafin da ba a aljihunsa yake ba. Girgije dai fatoma ne na zamani. Sai dai fatoman da, an san gidansa, an san iyayensa, an san alƙalin da za a kai shi in ya ci amana. Nan ne maganar take.

Amfanin abin a fili yake, kuma ba zan rage masa kome ba. Alhaji na zaune a Maraɗi zai ga buhu nawa suka rage a Damagaram ba tare da ya jira yaro ya bugo waya ba. Kowane ciniki da aka rubuta yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi da lokacin da ya rubuta, don haka hannun da ya saba shiga aljihun maigida zai fara jin nauyi. In ɓarawo ya ɗauke kwamfuta, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, ƙarfe kawai aka rasa; a sayi wata, a shiga, a tarar da kome yadda aka bar shi. Ba a buƙatar sayen babbar na'ura ko ɗaukar ma'aikacin da zai zauna gadinta. Ga ƙaramin kamfani mai ma'aikata biyar ko ashirin, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma kafin mutum ya miƙa littafinsa, akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba ya yi.

Ta farko ita ce hanya. Mangazar da ba a iya isa gare ta, ko cike take da zinariya, ba ta da amfani ranar kasuwa. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake bi kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka ji a jikinsu. Haka nan wuta. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi, ba ta maido ba sai a Maris 2024. Gaskiya ne an samu ci gaba, Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025, farantan hasken rana kuma sun yawaita. Duk da haka, a tambayi mai sayar da manhaja: in rezo ya ɗauke da hantsi, ga layin masu saye, yarona zai iya ci gaba da yin faktir, in ya so lissafin ya haɗu da sauran bayan rezon ya dawo? In amsar a'a ce, a san da haka tun kafin a sa hannu, a kuma tanadi layi na biyu daga wani kamfanin waya dabam.

Ta biyu ita ce haya. Kuɗin da ake faɗa da farko kullum kaɗan ne, domin na mutum ɗaya ne a wata ɗaya. Mu ɗauki misali: in an ce Yuro 20 ga kowane ma'aikaci, Yuro ɗaya kuwa kusan sefa 656 ne, to wajen jika 13 ke nan. Ma'aikata biyar, jika 65 da ɗoriya a wata. A shekara, jika 787. Ba a sa kuɗin intanet ba, ba a sa na koyar da yara ba, ba a sa na wanda zai kwashe tsohon lissafi ya zuba a sabon wuri ba. Kuma haya ba ta ƙarewa: ranar da aka daina biya, ranar ake rufe ƙofa. Sannan a lura da irin kuɗin da ake biya da shi. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka kwana faran na Faransa yana sefa 50 aka wayi gari yana 100, sun san abin da nake nufi. Maƙwabtanmu na Katsina da Kano sun ɗanɗana kwanan baya: dalar Amurka da take wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1400 a farkon 2024, hayar duk wata manhaja da ake biya da ita ta bi ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta uku ita ce makulli. Sau da yawa wanda ya buɗe wa Alhaji wurin, wato ɗa ko ƙane ko wani yaro mai ilimin na'ura, da sunansa da lambar salularsa yake buɗewa. Ran da aka ɓata, ko ya tafi ci-rani, sai a tarar maigida baƙo ne a cikin lissafinsa. Babban makulli ya zama da sunan kamfani, a hannun mai dukiya. Kowane ma'aikaci a ba shi kalmar sirrinsa, wadda ke buɗe masa ɗakin aikinsa kaɗai: mai mangaza ba shi da hurumin ganin albashi, mai karɓar kuɗi ba shi da ikon goge bashi. Wanda ya bar aiki, a rufe ƙofarsa a ranar. Kuma kada a tura kalmar sirri ta WhatsApp ga wanda ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ƙofar fita. Gidan fatoma ma yana ƙonewa. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a birnin Strasbourg, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, waɗanda kuma ba su tanadi kwafi a wani wuri ba suka yi asarar da ba ta da magani. Siyasa ma tana rufe ƙofa: a Oktoba 2019 kamfanin Adobe ya sanar da mutanen Benezuwela cewa zai rufe musu wurarensu saboda takunkumin Amurka, sai da aka yi masa sassauci sannan ya fasa. Mu da muka ga takunkumin 2023 ba ma buƙatar dogon bayani. Saboda haka a tambaya: zan iya sauke lissafina gaba ɗaya, a duk ranar da na so, cikin sigar da wata manhaja za ta iya karantawa? A wace ƙasa yake ajiye? In an yi saɓani, kotun ina za a je? Wanda ya kasa amsa waɗannan a rubuce, biri yake son sayar maka a sama.

Kada kuma a manta da hukuma. Dokar lissafi ta OHADA, wadda sabon tsarinta ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta wajabta ajiye littattafai da takardun shaida har shekara 10. Mai binciken haraji ba zai karɓi uzurin cewa haya ta ƙare ba. Manhajar da aka ƙera don Amurka ko Ingila ba lallai ta san tsarin lissafinmu ba, ko TVA ɗinmu na kashi 19 cikin 100, ko faktir mai shaida ta tsarin SECeF da ma'aikatar haraji ta DGI ta shimfiɗa. A tabbatar da wannan tukuna. Akwai kuma irin Odoo ta ƙasar Beljiyam, wadda ake iya hayarta a girgije ko a girka ta a gida, abin da ke bai wa mutum damar sauya shawara.

Ma'aikatan gwamnati, ku ma maganar ta shafe ku. Takardun aiki nawa ne yau ke kwance a akwatin saƙon wani ma'aikaci na kansa, ko a salularsa, waɗanda za su bi shi ranar da aka canza masa wurin aiki? Wannan ma girgije ne, sai dai marar maigida. Tun 2017 ƙasarmu take da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Sunan ɗan ƙasa da lambarsa da albashinsa amana ne, ba kayan rabo ba.

Ga abin da na gaya wa Alhaji. Na ce ɗanka yana da gaskiya, ku ƙaura, amma ƙaurar mai hankali, wanda ba ya rushe tsohon ɗaki sai sabo ya sha damina. Ku fara da abu ɗaya, lissafin kayan mangaza, a wuri ɗaya. Ku yi wata uku kuna rubutawa a tsohon wuri da sabo, kuna gwadawa. Kada ku fara a ƙarshen shekara ko gab da salla, lokacin da ciniki ya yi zafi. Kowace Juma'a a sauke kwafin lissafi a faifan ajiya, a kai shi wani gida dabam da biro. Kowane ƙarshen wata a buga sunayen masu bashi a takarda, ka sa hannu, ka kulle.

Alhaji ya yi shiru, ya ce: «Wato in ba fatoma kaya, amma in riƙe lissafin buhunan a aljihuna.» Na ce ko kakanka ba zai faɗa fiye da haka ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.